Makulli a Kashe

Duk ɗan acaɓar da ke tsayawa ƙarƙashin bishiyar bakin kasuwa ya san gangaren nan da ya sauko daga bayan makaranta ya faɗa babban titi. Kowa a cikinsu kuma ya san abin da ake yi idan an kai kansa: a murɗe makulli, inji ya mutu, babur ya yi ta sulalawa shiru kamar keke har ƙasa. Tsimin mai ke nan. Man da ake tsimin bai kai ya cika murfin kwalba ba, amma je ka faɗa wa ɗan acaɓa haka ka ji abin da zai mayar maka.

Tsinke ya fi kowa ƙwarewa a wannan dabarar. Jikinsa ne ya ja masa sunan, don in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Ranar da abin ya faru, da hantsi, ya sauke wata mata a bayan makaranta, ya kama gangaren, ya kashe inji, ya bi hannun da ba nasa ba don ya yanke hanya. Hular kwanonsa tana rataye a hannun babur, inda take wuni take kwana. Wani ya ɗaga hannu a gefen titi, Tsinke ya waiwaya ya ga ko fasinja ne. Da ya juyo sai ga motar burodi a gabansa, tana shan kwana a hankali, a kan hannunta, fitilar siginarta tana ƙiftawa. Babu ƙarar injin da direban zai ji. Tsinke ya danna hon, alhali ya san hon ba ya kuka in makulli a kashe yake.

Bai suma ba, kuma da ya suma da ya fi masa. Yana kwance a kan kwalta, ƙafarsa ta dama ta lanƙwashe a inda Allah bai yi mata gaɓa ba, ya ga direban ya fito. Tsoho ne mai furfura, da tsohon tawul a kafaɗa. Ya durƙusa a kansa yana cewa, "Ɗana, kar ka motsa, ɗana," ya cire tawul ɗin zai tallafe masa kai.

To, 'yan bakin bishiya suna da ƙa'ida guda da ba a rubuta ba. Idan ɗayansu ya faɗi, wanda ya fara gani sai ya kwanta a kan hon, dogon kuka ba yankewa, duk mai babur da ya ji ya ajiye fasinjansa ya taho. Ba a tambayar wa ke da laifi. Mai mota ne da laifi, tun da shi ne a cikin ƙarfe. Daga inda yake kwance Tsinke bai ga fuskoki ba, ƙafafu ya gani, silifa da takalman roba suna ta ƙaruwa. Ya ga tawul ɗin ya faɗi kusa da kunnensa. Ranar dai hulunan kwano sun yi amfani, don da su aka fara dukan tsohon a ka.

Asibiti mafi kusa aka kai su duka biyun, Tsinke a tsakiyar mutum biyu a kan babur, tsohon kuma a bayan motar burodin, wani mai shago yana tuƙawa, shi yana kwance a kan burodin da bai kai wa masu shi ba. Ɗakin 'yan karaya cike yake, gadajen da suka rage suna can ƙarshe kusa da taga, sai aka jera su. Abin da ya raba su wata ƙaramar loka ce mai tsatsa, da kujerar roba.

A nan fa dole a faɗi gaskiya a kan 'yan bakin bishiya, ko mutum ba ya ƙaunarsu. Da likita ya ce ana bukatar jini, layi suka yi har bakin baranda suna naɗe hannun riga. Na Barkono ne ya dace. Barkono gajere ne mai jan ido, wanda ko gaisuwa ya yi maka sai ka ɗauka faɗa ne, amma ya kwanta aka ɗebi jininsa, ya tashi jiri na ɗibarsa yana tambayar ko a ƙara. Ciyaman, shugaban tashar, mutum mai tumbi da sanyin murya, ya raba musu aiki. Wani ke kai 'ya'yan Tsinke makaranta ya ɗauko su. Wani ke kawo matarsa asibiti da kwanon abinci a cinya, ya mayar da ita. Babur ɗin da ya dagargaje suka kai wa bakanike, wannan ya kawo madubi, wancan ya kawo fitila, har ya tashi. 'Yan'uwan Tsinke na jini kuwa sau ɗaya suka zo, da ledar lemo, suka yi addu'a mai tsawo suka tafi.

An sa masa ƙarfe a ƙafar, irin wanda ke fitowa waje kamar kejin tsuntsu, ba ya iya ko juyawa. Barkono ne ke jan labule, ya ciccibe shi ya ɗora a kan fo, ya je ya zubar ya wanke, bai taɓa yamutsa fuska ba.

"Kai Tsinke," yakan ce in ya dawo, "ina kake ajiye duk wannan kaya, kai da ba ka da ciki?"

Tsinke yakan yi dariya, wani lokaci har da hawaye. Tun rasuwar mahaifiyarsa ba wanda ya taɓa yi masa irin wannan hidimar. Yana ƙaunarsu, wannan ba ƙarya ba ne.

Tsohon ya daɗe bai farfaɗo ba. Kansa a naɗe, hannunsa na dama a karye, idon hagu kuwa likita ya ce sai haƙuri. 'Yarsa ce ke jinyarsa, wata tela mai shiru-shiru, tana zaune a kujerar robar da ɗinkin hannu a cinya. Ba ta kallon masu baburan, su ma ba sa gaishe ta. Wata safiya tsohon ya buɗe idon da ya rage ya tambaye ta me ya kawo shi nan.

"An ce mai babur ka buge, Baba."

"Ni?"

"Haka aka ce."

"Yana da rai?"

"Ga shi nan kusa da kai."

Tsohon ya juyo da kansa a hankali, ya ga kejin ƙarfen, ya ga ƙusoshin da suka shige cikin nama. Tsinke ya runtse ido ya yi kamar barci yake.

Ashe dukan ya share masa ranar gaba ɗaya. Ya tuna ya loda burodi, ya tuna ya fito daga gidan burodin, daga nan sai duhu. Abin da ya hana shi sakat ke nan. Ciwon bai dame shi kamar rashin sanin ba. Kullum da safe, bayan nas ta wuce da magani, sai ya juyo da sabuwar tambaya.

"Ɗana, gudu nake yi ne? Tun ina saurayi nake tuƙi, ko akuya ban taɓa takawa ba."

Gobe kuma, "Ɗana, ko ban sa sigina ba ne? Hannuna da kansa yake sa ta, ko a fili nake."

Tsinke yakan ce ƙafar ke masa zugi, ko ya ce shi ma bai tuna sosai ba. Ba ya ma bukatar amsawa, don akwai masu amsawa. "Gudu kake yi kamar an biyo ka, tsoho," in ji Barkono. "Kan yaron nan ka hau, da ranka da hankalinka." Da tsohon ya tambayi wa ya dake shi, suka ce mutanen gari ne, ai ya gode Allah da su masu babur suka ƙwace shi. Ya gode musu kuwa, ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan suka mayar da shi abin wasa. In sun shigo, wani sai ya yi kukan hon da baki a saitin kunnensa don ya ga yadda zai zabura. Barkono yakan sayo burodi, ya zauna a gefen gadon Tsinke yana ɓantara, yana cewa, "Mai Burodi, yau ma ba ka kawo mana namu ba?" Tsohon sai ya ce su yi haƙuri. 'Yar takan soka allura a yadi ta ci gaba da ɗinki, wuyanta a sunkuye. Mai gidan burodin ya aiko aka karɓi makullin mota, tare da saƙon cewa an sami wani direban. Ɗan sanda ya zo ya leƙa, ya ce da zarar an sallame shi akwai maganar tuƙin ganganci tana jiransa.

Abin da ya fi ƙona Tsinke shi ne lokacin rana, sa'ad da masu babur suke can suna neman na abinci, matarsa ba ta iso ba. A lokacin telar ce ke miƙo masa ruwa, ta gyara masa filo, ta kira masa nas. Ya ji tsohon yana gaya mata, "Ki kula da shi kafin ni. Haƙƙinsa yana kaina." Wata rana ta auna ƙafar Tsinke da ido, bayan kwana kaɗan ta ajiye masa wando a kan loka. Ta tsaga ƙafa ɗaya daga ƙugu har ƙasa ta jera mata maɓallai, yadda zai sa shi a kan ƙarfen ba sai an ɗaga shi ba.

"Don ranar fita, Yaya," ta ce. "Kada ka fita da zane."

Kunya ta kama shi. Ya gwada taɓa maganar da matarsa, a hankali, tana ba shi shayi. Bai kai ƙarshe ba ta dubi gadon tsohon, ta dube shi, ta tura masa kofin a baki.

"Sha, zai huce," ta ce. "Wa ke kai yara makaranta, in ce ko ka sani?"

Da aka fara koya masa tafiya da sanduna, Ciyaman da kansa yake zuwa ya fitar da shi baranda. Yakan zauna a kan benci yana ɓare lemo, Tsinke yana dogarawa daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, gumi na zuba. Ranar nan Tsinke ya tsaya a gabansa yana haki.

"Ciyaman, akwai maganar da ke cina."

"Ƙafar ce?"

"Ranar nan injina a kashe yake. Kuma ni na shiga hannunsa. Tsohon nan bai yi komai ba, taimakona ma ya fito yi."

Ciyaman ya ci gaba da ɓare lemonsa. "Ɗaga sandar hagun, jan ta kake a ƙasa."

"Ka ji abin da na ce kuwa?"

"Na ji. Kai kaɗai ne ba ka san mun sani ba. Wa kake zato ya murɗa makullinka ya mayar da shi a kunne kafin ɗan sanda ya iso? Wa ya jawo babur ɗin ya dawo da shi hannunka? Barkono ne, tun kana ƙasa kana kiran uwarka."

Tsinke ya dube shi. "To me ya sa kuka dake shi?"

"Da muka dake shi ba mu sani ba. Da muka sani mun riga mun dake shi." Ciyaman ya raba lemon ya miƙa masa rabi. "Zauna, ƙanena, kar ka faɗi. Bari in gaya maka. In tsohon nan ba shi da laifi, to mu ne muka cire wa bawan Allah ido a banza, mu duka. Kwashe mu za a yi, a kulle tashar. Sai wa ya ɗora ka a fo? Wa zai kai 'ya'yanka makaranta? 'Yan'uwanka masu ledar lemo?"

Tsinke ya zauna a kan bencin da rabin lemon a hannu.

"Ni ba tsorata ka nake yi ba. Jinin Barkono ne ke yawo a jikinka yanzu haka. Ka buɗe baki ka kai shi gidan yari da jininsa a jikinka, in za ka iya." Ya tofar da ƙwallon lemo a hannu. "Mu ma ai ba mugaye ba ne. Na yi magana da ɗan sandan. Tsohon ya nemi gafararka a gabanmu, ka ce ka yafe, a kashe magana, ya tafi gidansa. Kai ka ga taimako ne muke masa."

"Kullum tambayata yake yi, Ciyaman. So yake ya sani."

"To ka gaya masa abin da zai bar shi ya tafi gida. Tashi, saura zagaye ɗaya."

Tsinke ya tashi. Ciyaman ya riƙe masa gwiwar hannu har ya sami daidaito, riƙo mai taushi irin na uba.

Rana ɗaya aka sallame su. 'Yan bakin bishiya suka cika ɗakin da rigunansu na aiki, har nas ta gaji da korarsu ta ƙyale su. Ɗan sandan yana tsaye a bakin ƙofa yana duba waya. Tsinke yana zaune a gefen gado sanye da wandon nan mai maɓallai, matarsa na riƙe da jakar kaya, Barkono na riƙe da sandunansa.

An ce wa tsohon ya yi maganarsa daga kan gado, ya ƙi. Ya ce wanda ya karya ɗan mutane ba ya neman gafara a zaune. 'Yarsa ta tallafe shi ya sauko, ya durƙusa a kan simintin da ke warin maganin wanke ƙasa, mutumin da a shekaru ya isa ya haifi Tsinke. Har masu jinya na sauran gadajen suka miƙe suna kallo.

"Ɗana," ya ce, "kafin in roƙe ka, abu guda nake so. Kowa ya gaya mini yadda aka yi, kai kaɗai ne ba ka faɗa ba. Su ba su nan sa'ad da abin ya faru. Ni da kai ne kawai, ni kuma an ɗauke mini. Don Allah ka gaya mini, ko mene ne zan ɗauka. Ni ne?"

Gaskiyar tana bakin Tsinke. Gajeriya ce, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Ya ɗaga ido. Matarsa tana kallon jakar da ke hannunta. Ciyaman yana murmushinsa mai sanyi. Barkono bai ko harare shi ba, yana dai tsaye da sandunan a rungume, tabon allurar ɗibar jini har yanzu yana gwiwar hannunsa. Idan ba a miƙo masa sandunan nan ba, Tsinke ba zai iya kaiwa ko ƙofar ɗakin ba. Tsoro ya fi kunyar ƙarfi, kamar yadda ya fi ta tun ranar farko.

"Kai ne, Baba," ya ce.

"Gudu nake yi?"

"Gudu kake yi."

"Sigina fa?"

"Ba ka sa ba."

Tsohon ya daɗe yana gyaɗa kai. Ya kai hannunsa mai lafiya ya taɓa bandejin da ke kan idon hagu. "Ashe dama idon ba ya aiki," ya ce a hankali. "Gara da aka cire shi. Na yi alkawari a gabanku, ba ni ba sitiyari har in mutu. Ka yafe mini, ɗana."

"Na yafe maka, Baba."

Masu babur suka ɗauki tafi. Wani ya ce Tsinke ɗan halal ne, da shi ne sai ya ga tsohon a bayan kantar 'yan sanda. Ɗan sandan ya sa wayarsa a aljihu ya fita. Tsohon ya kama hannun Tsinke ya ɗora a goshinsa yana kuka, yana sa masa albarka, shi da 'ya'yansa da 'ya'yan 'ya'yansa. Telar ta ɗaga mahaifinta, ta ɗauki ledar kayansu. Da za su wuce ta tsaya, ta sunkuya ta ɓalla masa maɓalli ɗaya da ya kwance a saitin gwiwa.

"Allah ya saka maka da alheri, Yaya," ta ce. "Mun gode."

Ba wanda ya yi musu tayin babur. Tsinke ya hango su ta taga suna tafiya a gefen titi, tana riƙe da shi ta ɓangaren da ba ya gani.

Shi kuwa da rakiya aka kai shi gida. Suka ciccibe shi suka ɗora a bayan Barkono, ƙafar a miƙe, wani yana biye a gefe yana kare ta daga motoci. Babura gaba, babura baya, hon yana tashi ta ko'ina, masu shaguna suna fitowa suna ɗaga masa hannu. Hanyar gidansa ta bayan makaranta ta bi. Da suka kai kan gangaren, Tsinke ya ga hannun Barkono ya bar hon ya sauka ƙasa, ya murɗe makulli. Na gaba ya murɗe, na baya ya murɗe, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi wa wani magana. Hayaniyar ta ɗauke gaba ɗaya. Ba a jin komai sai ƙarar taya a kan kwalta da kacar babur tana kaɗawa, suna ta sulalawa ƙasa, wajen kwanar.

"Riƙe ni da kyau," in ji Barkono.

Tsinke ya riƙe shi da kyau.